Dariya a Gidan Makoki: Laifi Ce Ko Haƙƙin Mai Rashi?

Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa a ƙasar Hausa ya san yadda ake yi. Za ka tuɓe takalmi a bakin tabarma, ka durƙusa, a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, sannan ka juya ga 'ya'yan mamacin ka ce, "Ya ƙarin haƙuri?" su ce, "Da godiya." Ka ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyauta namu zuwan, su amsa da amin kansu a sunkuye. Haka za a yi ta yi daga hantsi zuwa magariba, kwana 3, wani gidan har 7, fuskoki suna sauyawa amma maganar ɗaya ce. Abin da mai zuwa gaisuwa ba ya gani shi ne abin da ke biyo bayan sallar isha'i, idan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, ya rage daga 'ya'ya sai ƙannen mamaci a tsakar gida. A nan ne wani zai tuno yadda Baba yake bin ɗakuna da dare yana kashe fitila yana mitar kuɗin wuta, ko yadda yake kara rediyo a kunne lokacin labaran BBC, wanda duk ya yi ko tari sai ya sha harara. Sai wata ta kwaikwayi muryarsa, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara faɗa. Kafin a ankara dariya ta kuɓuce wa kowa, har da wadda ta wuni idonta bai bushe ba. Sai kuma wurin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, wani ya ce, "Astagfirullah, Allah ya jiƙan Baba," a tashi a watse da nauyin zuciya.

Wannan tsit ɗin ne ya kamata a tsaya a duba. Mutane da yawa suna ɗaukar dariyar da ta zo musu a kwanakin rasuwar uwa ko uba a matsayin cin amana, ko alamar cewa zuciyarsu ta ƙeƙashe, ko kuma cewa son da suke wa marigayin bai kai yadda suke zato ba. A ganina wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskure mai cutarwa, domin tana ɗora wa mai rashi zargin kai a kan baƙin cikin da ya riga ya ishe shi. Irin wannan dariya wani ɓangare ce na juyayin kansa. Sau da yawa ma ita ce kaɗai hanyar da ta rage wadda 'ya'ya suke iya riƙe mahaifinsu yadda yake, da halinsa da tsiyarsa da komai.

Dalili kuwa a fili yake idan aka saurari abin da ake faɗa a kan tabarmar makoki. Mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa, mai zumunci, mai haƙuri, ba ya wasa da salla. Shaida ce mai kyau, ana kuma buƙatarta, amma ita ɗin ce dai aka yi wa wanda ya rasu jiya a unguwar gaba, ita kuma za a yi wa na gobe. Ɗa bai rasa "mutumin kirki" ba. Ya rasa wani mutum guda da babu irinsa, wanda zai shafe rabin awa yana ciniki a kan naira 50, sannan ya juya ya ba almajiri naira 500. 'Ya ba ta rasa "mace mai haƙuri" ba. Ta rasa wadda take ɓoye kuɗi a cikin kwalla ƙarƙashin jeren kwanuka, ta manta inda ta sa, ta tara yaran gida tana tuhumarsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka buɗe akwatin mamaci kafin rabon gado ake ganin wannan ƙarara. Ga takardun haraji na shekaru aru-aru an ɗaure da kyauro, ga tarin makullai da babu wanda ya san ƙofar da suke buɗewa, ga tabarau mai hannu ɗaya an ɗaure ɗayan gefen da zare, ga kuma ɗan littafin bashi, inda za a tarar da sunan babban ɗansa, wanda yau yake da furfura, an rubuta a gabansa cewa ya karɓi naira 200 bai biya ba. Babu wanda zai karanta wannan layi bai yi dariya ba, kuma babu wanda zai yi dariyar bai ji hawaye ya taho masa ba. A wannan lokacin marigayin ya fi kusa da su fiye da duk tsawon wunin da aka yi ana yabonsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe kafin su yarda da haka. Tun daga maƙalar da Sigmund Freud ya wallafa a 1917 a kan makoki, ra'ayin da ya yi rinjaye a Turai da Amurka shi ne cewa aikin mai rashi ya cire zuciyarsa daga mamaci sannu a hankali har ya saki. A 1996 ne Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka fitar da littafin da ya tattaro hujjojin da ke nuna akasin haka: mutane ba sa yanke alaƙa da matattunsu, sauya mata kama suke yi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Ɗaya daga cikin ginshiƙan hujjar tasu shi ne binciken da Silverman da William Worden suka yi a yankin Boston a kan yara 125 'yan shekara 6 zuwa 17 da suka rasa uwa ko uba, inda aka ga yawancinsu suna ci gaba da tuna iyayen, suna adana kayansu, suna mafarkinsu, suna jin kamar ana kallonsu. Bahaushen da ke kiran ɗansa Abba ko 'yarsa Ummi don ya sa musu sunan iyayensa ba ya buƙatar a zo daga Boston a gaya masa wannan. Abin da ya rage a ƙara shi ne cewa labarin ban dariya yana cikin igiyoyin da suka fi daɗewa ba su tsinke ba. Jikan da bai taɓa ganin kakansa ba zai manta yabon da aka yi masa, amma ba zai manta labarin ranar da akuya ta cinye masa takardar fili ba.

Akwai kuma binciken da ya taɓa dariyar kai tsaye. A 1997 Dacher Keltner da George Bonanno suka wallafa sakamakon wani aiki da suka yi a yankin San Francisco da mutane kusan 40 waɗanda mazansu ko matansu suka rasu wata 6 kafin nan. An zaunar da kowannensu gaban kyamara aka ce ya yi bayanin zamansa da marigayin, sannan aka bi hoton daki-daki ana duba motsin fuska. Sun bambanta dariya iri biyu: ta gaske, wadda tsokar gefen ido take motsawa a cikinta, kamar yadda likitan Faransa Duchenne ya bayyana tun a 1862, da kuma ta baki kawai. Waɗanda suka yi dariyar gaske yayin da suke maganar wanda suka rasa sun fi sauran ƙarancin fushi, sun fi su kyakkyawar mu'amala da mutane, kuma da aka sake bibiyar mutanen a wata na 14 da na 25, waɗanda fuskarsu ta nuna walwala tun farko sun fi samun sauƙin juyayi. Gaskiya ne mutanen ba su da yawa, ma'aurata ne ba 'ya'ya ba, kuma Amurkawa ne. Gaskiya ne kuma binciken bai tabbatar da cewa dariyar ce ta kawo sauƙin ba. Mai yiwuwa wanda dama zai samu sauƙi ne yake iya dariya. Amma ko an ɗauki mafi ƙarancin abin da ya nuna, ya isa ya rushe zaton da ake yi cewa mai dariya yana ɓoye wani ciwo ne da zai fashe masa daga baya. An jira fashewar, ba ta zo ba.

Masu cewa dariya gudun gaskiya ce suna dogara ne, ko sun sani ko ba su sani ba, da tunanin cewa baƙin ciki hanya ce miƙaƙƙiya mai zango-zango, dole a bi kowane zango da kuka kafin a kai ƙarshe. Wannan tunani ya yaɗu ne daga matakai 5 da Elisabeth Kübler-Ross ta zayyana a littafinta na 1969, alhali ita da marasa lafiyar da ke jiran ajali ta yi aiki, ba da waɗanda aka mutu aka bari ba. Bayanin da ya fi dacewa da abin da ake gani a gidaje shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, waɗanda suka nuna a 1999 cewa mai rashi kai-komo yake yi: yanzu yana fuskantar rashin, an jima ya juya ga hidimar rayuwa, ya dawo, ya sake juyawa, kuma wannan hutun da yake samu a tsakani shi ke ba shi ƙarfin komawa. Mai ɗauke da buhun hatsi daga gona yakan sauke a gindin bishiya ya sha ruwa, ba don ya fasa kai kayan gida ba. Duk da haka akwai gaskiya a gefen masu sukar. Akwai wanda zai mai da komai wasa don kada a matso kusa da shi, da an ambaci mahaifiyarsa sai ya jefo barkwanci ya sauya zance, wata da watanni. Wannan yaƙe ne, wanda Hausawa suka ce ya fi kuka ciwo, kuma na kusa da shi suna gane shi ba sai an kawo kyamara ba. Bambancin a bayyane yake: dariyar juyayi tana shiga cikin zancen mamaci ne, ta yaƙe kuwa kewaye shi take yi.

Abin mamaki shi ne al'adarmu ta riga ta tanadi wuri domin wannan, sai dai ba 'ya'ya ta ba wa ba. Tsakanin ɗa da mahaifi kunya ce: ba a kiran suna, ba a haɗa ido, ɗan fari ma iyayen ne ke jin nauyinsa. Tsakanin jika da kaka kuwa wasa ne tsagwaronsa. Jikanya tana kiran kakanta mijinta, tana kiran kakarta kishiya, jika namiji yana kiran kakarsa matarsa, ana tsokana ana ramawa. Idan tsoho ya cika, wannan wasa ba ya mutuwa tare da shi. A wurare da dama, musamman a karkara, jikoki sukan ɗauki sandarsa su kwaikwayi tafiyarsa, su ce ya gudu da bashinsu, wata ta ce ita ma takaba za ta shiga a ware mata tumuninta, har sai an ba su ɗan abin da za a sallame su da shi. Masanin al'adu Radcliffe-Brown, a maƙalarsa ta 1940 a kan dangantakar wasa, ya lura cewa al'ummomi da yawa suna haɗa waɗannan biyun, nesantawa a wani gefe da halattaccen rashin kunya a wani gefen, don zaman dangi ya daidaita. A Nijar wasan taubasantaka da na ƙabilu ya kai matsayin da UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. A Burkina Faso abokan wasa, irin Mosi da Samo, sukan kai abin har bakin kabari, su tare hanya su ce ba za a binne ba sai an biya su. Idan aka lura da kyau, wa ake yi wa wannan wasan? Ba mamaci ba. 'Ya'yan da kunya ta ɗaure wa baki ake buɗe wa ƙofa, don su yi dariyar da ba su suka fara ba, babu mai zarginsu.

Yau wannan ƙofa tana ƙara tsukewa. A birane jikoki suna makaranta ko wani gari, zaman makoki ya gajarce, kuma tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wa'azi ya yi ƙarfi a kan sadakar uku da bakwai da arba'in da sauran abubuwan da ake yi a cikinsu. Wannan muhawara ce ta malamai, ba ita ce a gabanmu ba. Abin da ke gabanmu shi ne cewa buƙatar da wasan jikoki yake biya ba ta tafi ba don an daina wasan. Dariyar tana nan tana zuwa, sai dai yanzu tana zuwar wa ɗa kai tsaye, babu jikan da zai ɗauke masa nauyinta, shi ya sa take barin sa da jin ya yi saɓo.

To, saɓon ne? Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ba a amsa ta da binciken Turawa. Abin da shari'a ta hana a fili yake: kuka mai kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, furta abin da ke nuna ƙin hukuncin Allah, da zagin matattu. Ta kuma iyakance zaman juyayi ga kwana 3, in ban da matar mamaci da ke takaba wata 4 da kwana 10. Malamai sun karhanta dariya da hirar duniya a wurin jana'iza da maƙabarta, kuma wannan daidai ne, domin wurin wa'azi ne. Wanda ke kyakyata dariya a bayan makara ya yi rashin ladabi ko a wace al'ada. Amma tsakar gida a dare na huɗu ba maƙabarta ba ce. Addinin da ya bar ido ya zubar da hawaye, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi a rasuwar ɗansa Ibrahim, bai ɗora wa mai rashi wata fuska ta dole ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa sahabbai sukan zauna bayan sallar asuba suna tuna abubuwan zamanin jahiliyya suna dariya, shi kuwa yana murmushi. Akwai kuma abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha: a ciwon ajalinsa Annabi ya yi wa 'yarsa Fatima raɗa sai ta yi kuka, ya sake yi mata wata sai ta yi dariya. Daga baya ta bayyana cewa a ta farko ya sanar da ita kusantowar wafatinsa ne, a ta biyu kuma ya yi mata bushara. Dariyar farin ciki ce, ba ta barkwanci ba, kada a cakuɗa. Amma ga 'ya a gefen shimfiɗar mahaifinta, kuka da dariya a zama ɗaya, kuma babu wanda ya ce ɗayan ya ɓata ɗayan.

Saura batun girman iyaye. Za a ce kwaikwayon muryar mahaifi raini ne, ko yana raye ko ya mutu, kuma tona halinsa giba ce. Ma'aunin a nan ba shi da wuya. Yawancin labaran da 'ya'ya ke dariya a kansu labarai ne da marigayin ya sani, an sha ba da su a gabansa, wani lokaci shi da kansa yake farawa, ya yi kamar ya ji haushi alhali yana jin daɗi. Abin da za a iya faɗa a gabansa ya yi tsaki ya ce "ku dai ba ku da kunya" ba giba ba ne. Abin da zai sa ya tashi ya bar wurin, wannan tonon asiri ne, mutuwa kuma ba ta halatta shi. Inda abin yake da haɗari na gaske shi ne gidan da ba a zauna lafiya ba. A gida mai ɗakuna, barkwancin da 'ya'yan wannan ɗaki suke yi a kan rowar Baba yana iya zama habaici a kunnen 'ya'yan wancan ɗakin, waɗanda suka san rowar da gaske, suka yi makaranta babu takalmi. Matar da ke cikin takaba tana iya jin dariyar 'ya'yan kishiyarta daga tsakar gida ta fassara ta yadda ba su nufa ba. Ko tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, wanda ya yi jinya wata da watanni yana juya mara lafiya da wanda ya sauka daga mota ranar jana'iza ba a wuri ɗaya suke ba. Saboda haka dariyar tana da mai ita. Mai rashi ne yake buɗewa, baƙo ya bi a hankali. Abokin da ya zo gaisuwa ya fara zuba barkwanci don wai ya ɗebe kewa, tun ba a ba shi fuska ba, kansa yake sauƙaƙa wa zaman, ba masu gida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba kowace mutuwa ce take barin wuri ba. Tsohuwar da ta haura 90, ta ga tattaɓa-kunne, ta cika a ɗakinta da kalmar shahada, daban take da uwar da ta rasu wurin haihuwa ta bar yara ƙanana, ko uban da 'yan bindiga suka harbe a gonarsa a Zamfara ko a hanyar Birnin Gwari. Al'adar ma ta san wannan, shi ya sa wasan jikoki na mutuwar tsofaffi ne kawai. A irin waɗancan gidaje dariya takan yi shekara ba ta leƙo ba, kuma babu mai ikon cewa ta makara. Kare haƙƙin mai dariya ba ya nufin ɗora wa kowa wajibcin yin ta. Mai matsa wa maraya da "ka saki ranka mana" bai fi mai hararar wanda ya yi murmushi adalci ba.

Idan akwai wanda ya kamata dangi su sa wa ido, ba mai dariyar ba ne. A wani bincike da Bonanno da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, wanda ya bi mutane 205 tun kafin rasuwar abokan zamansu har wata 18 bayanta, kusan kashi 46 cikin 100 sun ci gaba da rayuwa ba tare da sun durƙushe ba, kuma babu alamar cewa ƙarancin so ne ya jawo hakan. Wani kaso ƙarami ne juyayi ya riƙe ya ƙi saki. Ƙididdigar da aka tattara daga bincike daban-daban tana nuna kusan mutum 1 cikin 10 na manyan da suka yi rashi ne ke faɗawa wannan hali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ma ta sa shi a nata a shekarar. Alamominsa su ne mutum ya wuce wata 6, ko shekara guda a ma'aunin Amurkawa, kullum kamar jiya aka yi mutuwar: ba ya iya aiki, ba ya shiga mutane, ba ya son a ambaci marigayin ko kuma ba shi da zance sai nasa, abincin da yake so ya daina yi masa daɗi. Irin wannan a wurinmu sau da yawa yabonsa ake yi, a ce wane ya san darajar uwa, har yau bai dawo daidai ba. Akwai likitocin wannan fanni a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, amma sunan da jama'a suka laƙaba wa waɗannan wurare ya sa iyali sukan gwammace su yi shekara biyu suna cewa a dai ci gaba da haƙuri, kafin wani ya yi ƙarfin halin cewa a kai shi a duba.